Tambayi Bakanike: Yaya ake auna numfashin inji, da sikana ko da tiyo da ruwan zoɓo?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da hunturu. Wasiƙu uku na ware a wannan makon, ɗaya kan mota, ɗaya kan injin ban ruwa, ɗaya kan tarakta, na haɗa su waje ɗaya ne saboda da na karanta sai naga ciwon duk iri ɗaya ne, kowa yana ta kashe kuɗi a ɓangaren mai alhali ba wanda ya tsaya ya duba ko injin yana samun iskar da zai ƙona man da ita.

Tambaya: Salam Oga. Ni direba ne, ina jigila daga Ringim zuwa Kano da Corolla 2005 mai injin 1.8. Wata biyu kenan motar jikinta a mace, in nayi lodi nazo wuce babbar mota sai in taka totur har ƙasa amma gurnani kawai take ba gudu. An canza fulogi, an wanke nozul, an sa sabon famfon mai, kuɗi dai sun tafi. Wani rewaya ya sa sikana, na'urar nan mai karanta ciwon mota, yace ba kod ko ɗaya da ke nuna matsala, amma wai ana iya auna numfashin inji a gane ko iska ce bata isarsa. Dan Allah da gaske ne ko wata hanyar cin kuɗi ce?
Sani Direba, Ringim

Amsa: Wa alaikumus salam Malam Sani. Rewayan nan gaskiya ya faɗa maka, ka riƙe shi, irinsu basu da yawa. Da wannan awon aka fara da watakila famfon manka na asali yana nan a motar.

Bari mu faro daga tushe. Injin fetur yana son iska kilo 14.7 kan kowane kilo 1 na fetur kafin man ya ƙone tas. Lita ɗaya ta fetur nauyinta wajen giram 740 ne, in ka buga lissafi zaka ga tana buƙatar iska kusan lita 10,000 a irin yanayinmu, wato jarka mai lita 25 guda 400, duk don lita ɗayan nan da yaron gidan mai ke zuba maka cikin ƙiftawar ido. To kaga mai ba shi ne wahalar inji ba, nozul na iya fesa fiye da abinda ake so, wahalar ita ce shigo da iskar. Ƙarfin inji yana tsayawa ne daidai inda iskarsa ta tsaya.

Injinka mai bugu huɗu ne, tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya fito dashi a 1876 kuma har yau akansa ake, fistan ya sauka ya zuƙi iska, ya hau ya matse ta, wuta ta tashi ta turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Karanshaf sai ya juya sau biyu kafin kowace silinda ta zuƙa sau ɗaya. Ka ɗauki silinda kamar kwanon awo a hannun mai awo ranar kasuwa, girman kwanon baya canzawa, amma in ana sauri ba kowane ɗiba ne ke cika shi ba. In inji yana juyi 5,000 a minti, saukar fistan ɗin gaba ɗaya kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ce, a cikin wannan ɗan lokacin ake so iska ta ratsa filta, ta bi tiyo, ta wuce totur, ta kurɗa ta gefen bawul ta cika silinda, ga kuma ragowar hayaƙi da bai gama fita ba ya tare wani wajen. Shi yasa kwanon baya cika. Nawa ya shiga cikin nawan da ya kamata ya shiga, wannan shi injiniyoyi ke taƙaitawa da VE, ni a gareji cikar numfashi nake ce wa yarana. Lafiyayyen inji mara tabo, wato turbo, na'urar nan mai tura wa inji iska, in an buɗe masa totur duka, yana samun kashi 75 zuwa 90 cikin 100. Mai tabo yana haura 100 don shi ɗura masa iskar ake da ƙarfi.

Yanzu awon. Corollarka tana da sansar iska da ake kira MAF, tana nan jikin murfin eyakilina inda tiyon ya fara, a cikinta akwai wata siririyar waya da ake ɗumamawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga nan birenbos, wato kwamfutar motar, yake gane giram nawa na iska ke shiga kowace daƙiƙa. Sikana tana nuna wannan lambar. Ba sai babbar sikana ba ma, ƴar ƙaramar nan ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth tana yi, soket ɗin yana ƙasan sitiyari, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, na Turai masu fetur daga 2001.

Ku bari inji yayi zafi, ku samu miƙaƙƙen titi da ba jama'a ba dabbobi, ba ranar kasuwa ba, kai ka riƙe sitiyari rewaya ya riƙe waya, kar ka kuskura ka haɗa biyun. A giya ta biyu ka taka totur har ƙasa ka bari juyin ya kai 5,000, shi kuma ya kama abu uku a lokaci ɗaya: juyin inji, lambar MAF, da zafin iskar da ke shiga. Kuyi sau uku ku ɗauki wanda ya fi yawa. Kar kuyi shi a tsaye a gareji, inji in ba kaya a wuyansa yana kaiwa 5,000 da ɗan totur kaɗan, lambar zata fito ƙasa ku ɗorawa motar laifin da bata yi ba. A sulo ma haka, zaka ga giram 2 zuwa 3 ne kawai don totur a rufe yake, wannan ba ciwo bane.

Lissafin ba wuya. Injinka cc 1,794 ne, wato lita 1.794. Ka ninka da 5,000 ka raba biyu saboda zuƙa ɗaya a juyi biyu, ya baka lita 4,485 a minti, ka raba da 60 ya zama kusan lita 75 a daƙiƙa. Saura a maida lita zuwa giram, kuma nan ne mutane da yawa suke zamewa, suna ɗaukar giram 1.2 kan kowace lita kamar yadda yake a littafi, alhali wannan na bakin teku ne da sanyin digiri 20. Mu nan Kano da kewaye muna sama da teku da wajen mita 480, in zafin iska ya kai digiri 35 lita ɗaya bata wuce giram 1.08 ba. To 75 sau 1.08 ya baka giram 81 a daƙiƙa, wannan shi ne cikar kwano. In sikana ta nuna 68, ka raba 68 da 81, kashi 84 kenan, injinka na numfashi lafiya a nemi ciwon a wani waje. In 52 ta nuna, kashi 64 kenan, akwai abinda ya shaƙe shi. Ka duba fa, da 1.2 kayi aiki, lafiyayyen injin nan mai 68 zai fito da kashi 76, kaga har an fara yi masa kallon mara lafiya.

Af, wannan ma shi ne dalilin da yasa motarka take da kuzari in ka taso da asuba cikin hunturu amma da azahar a watan Afrilu take kasala, iskar digiri 15 ta fi ta digiri 40 nauyi da kusan kashi 9 cikin 100. Ba lalacewa bace, haka Allah ya yi iskar.

In lambar ta fito ƙasa kar a yi saurin kwance inji, don abu biyu ne zasu iya jawo haka, ko dai da gaske iskar bata shiga, ko kuma tana shiga amma sansar ce tayi datti take rage lissafi. Rewaya ya duba tirim na mai, wato ƙari ko ragin da birenbos ke yi wa man da ake fesawa, wanda sikana ke rubutawa LTFT, lokacin da kake tafiya da lodi. In ya haura +10, birenbos yana ta ƙara mai kenan don ya lura iskar da ke shiga ta fi wadda aka gaya masa, to sansa za a fara tuhuma. A ciro ta a fesa mata maganin wankinta na musamman a bari ta bushe, ba fetur, ba maganin kafireta, ba tsinke, ba a taɓa wayar nan da komai. In kuwa tirim yana kusa da sifili ga numfashi ƙasa, sansar gaskiya take faɗa, kuma wannan ne yasa ba kod, birenbos yana bada mai daidai da ƴar iskar da ya gani, haɗin yayi daidai, bashi da ƙorafi, kai ne kawai kake ji a ƙafarka.

Daga nan a fara da mai araha. Filta tukuna, a ɗaga ta a rana, in haske baya ratsa ta ta gama aiki, a duba tiyon ko ya lotsa ko leda ta maƙale a bakin shigar iska, na sha ciro ledar fiya wata a wajen. Sai salansa, don injin da bai fitar ba bazai shigar ba. Daga bayaninka, gurnani ba gudu kuma ciwon na ƙaruwa in juyi yayi sama, zuciyata ta fi karkata ga katalis ɗin nan mai tace hayaƙi a jikin salansa da wasu ke ce wa indomi, in mota tana shan baƙin mai ko ta daɗe tana mis to ramukansa suna toshewa ko su narke. A sassauta haɗin salansa ta gabansa a ɗan zaga, zata yi ƙara sosai, amma in ƙarfi ya dawo an kama ɓarawo. Kuma ka tsaya a wajen da kanka, akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa shi yasa wasu ke saurin cewa a fasa ko da lafiyarsa ƙalau. In duk waɗannan lafiya sai a zo kan tayimin, musamman in an taɓa buɗe injin an maida sarƙa da kuskuren haƙori ɗaya, sannan a auna kwamfireshan.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina noman rani a wajen Kura, tumatir da albasa. Injin ban ruwana mai inci 3 ne irin GX160, bana shan mai yake kamar me, yana baƙin hayaƙi, fulogi kwana biyu yayi baƙi. Maƙwabcin gonata yace in cire soson nan na eyakilina in yar, shi ya cire nasa kuma wlh naji injinsa ya washe. In cire?
Malam Habu, Kura

Amsa: Malam Habu kar ka cire, dan Allah kar ka cire. Maƙwabcinka ya gano ciwon daidai, maganin ne ya kuskure. Injinsa ya washe ne don sosonsa ya toshe, wanki yake so.

Inji mai kafireta in soso ya toshe kamar ka ja cok ne ka manta baka maida ba, fistan yana zuƙa iska bata zuwa sai ya zuƙo mai a madadinta, shi ne baƙin hayaƙin da baƙin fulogin da tankin da ke ƙarewa kafin la'asar. Awonka kai baya buƙatar na'ura. Ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da injin don ƙura ta kwanta, yana cikin jan ruwa ka zare soson na minti ɗaya kacal kana saurare, in murya ta canza sosai hayaƙi ya ɗauke, soso ne. In ba wani bambanci to ka duba kafireta da gibin bawul, na GX160 milimita 0.15 ne a na shiga, 0.20 a na fita, inji a sanyaye, in gibin yayi yawa bawul baya buɗewa sosai numfashi ya ragu.

Ga dalilin da yasa nake roƙonka. Injin nan cc 163 ne, a juyi 3,600 cikar kwanonsa lita 293 ce a minti, ko kashi uku cikin huɗu yake samu, a aikin awa 8 ya zuƙi sama da lita 100,000 na iska. Wace iska kuma? Ta hunturu, wadda ke ɗauko ƙura tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ga ta gonar kanta, kuma injin a ƙasa yake zaune bakin kanal inda ƙurar ta fi kauri. An taɓa kawo min irinsa da aka yi wata biyu ba soso, da na cire kafireta na sa yatsa a maƙogwaron sai ya fito da wani gari mai laushi kamar hodar mata, cikin silinda kuwa farcena yana kama layi-layi daga sama har ƙasa, ringi sun siɗe sun yi kaifi kamar reza, baƙin man da na juye a tasa da na murza shi tsakanin yatsu ƙasa-ƙasa nake ji. Ƙura da mai in sun haɗu sun zama irin man nan da muke goge bawul dashi, yana cin ƙarfe. Mai injin yana tsaye, tumatirinsa ya fara fure, ba kuɗin sabon bulok, naji tausayinsa har raina, kwana huɗu gonar bata sha ruwa ba.

Wankin soso kuwa ruwan ɗumi da omo ne, ka matse shi a tafin hannu kar ka murɗe zai yage, ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai mai tsabta ka sake matsewa har ya zama danshi kawai, man ne ke kama ƙananan ƙurar. In naka mai hawa biyu ne, soso a waje takarda a ciki, takardar ba a wanke ta ba a sa mata mai, ƙwanƙwasa ta ake a hankali, in tayi baƙi a canza. A hunturu duk kwana biyu ko uku ka leƙa. Ka ɗora injin kan bulo ko benci ya ɗan bar ƙasa. Masu Boxer da ke bin hanyar burji ku ma da ku nake.

Tambaya: Oga ni ina tuƙa tarakta a Auyo. In na sa haro a ƙasa mai nauyi sai ta riƙa baƙin hayaƙi tana neman mutuwa. An ce in kwance famfon injekta in kai Kano a saita. Mu nan ba sikana, taraktar ma ba ta da birenbos. Akwai yadda zan gane ko iska ce kafin in yi wannan tafiyar?
Isa Mai Tarakta, Auyo

Amsa: Akwai Malam Isa, kuma kayan aikin basu wuce farin tiyon nan na magina da suke gwada lebur dashi ba, mita 3, da katako da ƙusa da tef ɗin tela.

Injin gas bashi da totur mai rufe iska, kullum bakinsa a buɗe yake, mai kawai ake ƙara masa ko a rage. To in ka ƙara mai iska bata kai ba, ragowar man shi ne ke fita baƙi. Famfo ko nozul na iya jawo haka, gaskiya ne, amma a gona irin taku inda haro ke tada ƙura ta lulluɓe direba kansa, filta ake fara tuhuma.

Ka lanƙwasa tiyon kamar harafin U a jikin katakon, kowane ɓangare ya kai mita ɗaya, ka zuba ruwa ya tsaya ƙasa da rabi kaɗan, ka ɗiga zoɓo a ciki don ka riƙa ganinsa daga nesa. Baki ɗaya a barshi a buɗe, ɗayan a haɗa shi da bututun iska tsakanin filta da inji, in mai tabo ce to kafin tabo. Taraktoci da yawa suna da ɗan rami a wajen inda ake ɗaura alamar nan mai nuna ja in filta ta toshe, in taka ta mutu ko an cire nan zaka haɗa, ka ɗaure sosai kar iska ta shiga ta gefe. Ka jingina katakon a ƙasa yadda ruwan zai kasance ƙasa da bututun. Ka tada inji a sulo, wani ya riƙa ƙara wuta a hankali har ƙarshe kai kana kallo, hannunka kusa da tiyon. Ruwan zai hau ta ɓangaren inji ya sauka ta ɗayan, tazarar da ke tsakanin kawunan ruwan biyu ita zaka auna, ita ke gaya maka irin wahalar da inji ke sha kafin ya jawo iska ta cikin filta. In kaga ruwan yana neman kaiwa saman katako ka naɗe tiyon nan take a sauke wuta, ruwa in ya shiga silinda yana lanƙwasa kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistan da karanshaf. Masu motar fetur da zasu kwaikwaya, kar ku haɗa ta bayan totur, zuƙar wajen zata shanye ruwan duka kafin ku ankara.

Yawancin masu ƙera injin gas suna sa iyakar filtar takarda tsakanin inci 20 zuwa 25 na ruwa, wato santimita 50 zuwa 63. Sabuwar filta tana ƙasa da haka nesa. In taka ta kusa 50 ka canza ta ka koma gona ka gani kafin ka taɓa famfo. Mai tabo ta fi zuƙa in tana jan kaya, don haka in a tsaye ma ta kusa iyaka to a gona ta wuce. In kuma ruwan ko motsin kirki bai yi ba alhali filtar ta tsufa, wannan ya fi bani tsoro, ka nemi yagewa a takardar ko tiyon da ya tsage, ka shafa cikin bututun da farin ƙyalle, in ya fito da ƙura to ƙasa na shiga injin. Yawanci wajen mai faci ake jawo wannan, a sa bakin kwamfiresa daf da takarda a hura da ƙarfi, ido baya ganin hujin amma ƙura tana gani. In dole sai an hura, daga ciki zuwa waje, da iska kaɗan, daga ɗan nesa. In taraktarka mai kwanon mai ce a ƙasan eyakilina, ka sauke kwanon kullum da safe lokacin haro, ka kwashe laka, ka zuba mai daidai layin da aka zana, kar ya wuce.

Ranar da ka sa sabuwar filta ka sake awon ka ja layi da biro a jikin katakon ka rubuta kwanan wata, duk sati ka gwada ka ga inda ruwan ya kai. In filta sabuwa ce, ruwan yana ƙasa, hayaƙin kuma bai daina ba, a saita bawul tukuna, sannan ka ciro nozul kaɗai ka kawo a gwada feshinsu, sun fi famfo sauƙin ɗauka a mota kuma ba sai an taɓa tayimin ba. Ka turo min santimita nawa ka samu.